Ruwan Ɗufana a Ma'aunin Kimiyya

Ƙissar Ruwan Ɗufana tana cikin tsofaffin labaran da ɗan Adam ya riƙe bai taɓa sakinsu ba. Musulmi da Kirista da Yahudawa duk sun yi imani cewa mutanen Annabi Nuhu (AS) sun kangare wa gaskiya, Allah Ya halaka su da ruwa, Ya kuɓutar da Annabinsa da waɗanda suka bi shi a cikin jirgi. Abin da aka daɗe ana muhawara a kansa shi ne faɗin wannan ruwa. Shin ya lulluɓe duniya baki ɗaya har ya shanye ƙololuwar duwatsu, ko kuwa ya tsaya ga yankin da mutanen suke zaune? Sama da shekara 200 ke nan masana ilimin duwatsu da masu haƙar kayan tarihi suna tono suna awo domin gano sawun da irin wannan ruwa ya kamata ya bari a bayan ƙasa. Abin da suka tarar ya cancanci a bi shi daki-daki, da hujjojin masu cewa ruwan ya game duniya, da na masu cewa bai game ba.

Abin da littattafan addini suka kawo

Alƙur'ani Mai Girma ya kawo ƙissar a surori da dama, daga ciki akwai Hud da Nuh da Mu'uminun da Ƙamar. Ya ambaci cewa Annabi Nuhu ya zauna cikin mutanensa shekara 950, cewa ruwan ya zubo daga sama kuma ya ɓuɓɓugo daga ƙasa, cewa jirgin na katako ne da ƙusoshi, an shigar da dabbobi biyu-biyu, wani ɗansa ya ƙi shiga ya halaka, daga ƙarshe jirgin ya tsaya a kan Judi. Bai faɗi zamanin da abin ya faru ba, bai faɗi girman jirgin ba, bai kuma ƙidaya kwanakin da ruwan ya yi ba.

Littafin Farawa na Baibul, daga babi na 6 zuwa na 9, shi ne ya zo da alƙaluma. Jirgin yana da tsawon kamu 300, faɗin kamu 50, tsayin kamu 30. An yi kwana 40 ana ruwa, ruwan ya yi kwana 150 yana rinjaye, ya rufe dogayen duwatsu da kamu 15, mutum takwas suka tsira, jirgin ya sauka a duwatsun Ararat. A shekarar 1650 wani babban limamin coci a ƙasar Ailan, James Ussher, ya bi jerin zuriyoyin da ke cikin Baibul ya ƙiyasta lokacin Ɗufana, lissafinsa ya faɗa wajen shekara 2348 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin kimiyya tana iya gwada magana ne gwargwadon alƙaluman da ke cikinta. Mafi yawan abin da masana suka auna siga ce takamaimiya: ruwa guda, cikin shekara guda, wanda ya rufe kowane dutse a duniya, 'yan dubban shekaru da suka wuce.

Hujja ta farko: labarin ya bazu cikin al'ummu

A shekarar 1872 wani ma'aikacin gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan, George Smith, yana tantance gutsattsarin allunan yumɓu da aka tono daga ɗakin karatun Sarki Ashurbanipal a Ninawa, kusa da birnin Mosil na Iraƙi. Cikin allo na 11 na labarin Gilgamesh sai ya ci karo da wani mutum mai suna Utnapishtim wanda aka gargaɗa cewa ruwa na tafe, ya ƙera jirgi, ya shigar da iyalinsa da dabbobi, jirgin ya tsaya a kan dutse, ya riƙa sakin tsuntsaye don ya san ko ƙasa ta bushe. Daga baya aka sami sigogin da suka girmi wannan, na Atrahasis da na Ziusudra, mutumin birnin Shuruppak. Jerin sarakunan Sumer ta tsohuwar Iraƙi ma ya raba tarihi gida biyu, sarakunan da suka yi mulki kafin ruwan da waɗanda suka yi bayansa. Girkawa suna da labarin Deucalion, Indiyawa suna da na Manu da kifin da ya gargaɗe shi, mutanen Sin kuma suna da na Yu wanda ya shawo kan ambaliya ta hanyar haƙa magudanan ruwa.

Masu cewa ruwan ya game duniya suna kafa hujja da wannan yaɗuwa, suna cewa kunne ya girmi kaka, al'ummu masu nisa da juna ba za su haɗu kan labari ɗaya a banza ba. Hujjar tana da nauyi ta fuska ɗaya: labaran Iraƙi sun yi kama da ƙissar Annabi Nuhu ƙwarai, abin da ke nuna cewa mutanen yankin sun riƙe tunawa da wani gagarumin ruwa. Amma idan aka yi nisa da Gabas ta Tsakiya kamannin sai su ragu. A labarin Sin babu jirgin tsira. A tsohuwar Masar, inda cikar Kogin Nilu albarka ce ga manoma, babu fitaccen labari irin na Iraƙi, kuma a nahiyar Afirka gaba ɗaya irin waɗannan labarai ba su da yawa. Wasu kuma an rubuta su ne bayan masu yaɗa addinin Kirista sun riga sun isa wuraren. Ga shi kuma ɗan Adam tun fil azal a bakin koguna da tekuna yake kafa gari, don haka da wuya a sami al'ummar da ba ta ɗanɗana ambaliya ba.

Hujja ta biyu: halittun teku a kan tudu

A ƙololuwar Dutsen Everest, mai tsayin mita 8,849, akwai dutsen farar ƙasa ɗauke da burbushin ƙananan halittun teku. Irin wannan abu ne ya sa mutane da yawa a da suka ce ga shaidar Ɗufana ƙarara. Ba sai an je Himalaya ba kafin a ga haka. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake sarrafa siminti da ita a Sakkwato, cike take da kwanson halittun teku, alhali tsakanin Sakkwato da teku akwai ɗaruruwan kilomita. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku dangin ƙadangare, har masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus.

Duwatsun Sakkwato da kansu suna ba da amsar tambayar. Masana sun tarar da su hawa-hawa, kowane hawa da sunan garin da ya fi bayyana. A ƙasa akwai yashin Taloka, wanda ya taru a gaɓar ruwa. A kansa akwai laka ta Dukamaje, ta cikin teku, inda ƙasusuwan waccan dabba suke. Sai yashin Wurno, alamar tekun ya ja baya. Sai lakar Dange da farar ƙasar Kalambaina, alamar ya sake dawowa. Can sama kuma akwai yashin Gwandu, wanda koguna suka shimfiɗa bayan tekun ya tafi ke nan. Wannan jeri yana nuna teku ya zo ya zauna, ya koma, ya sake zuwa. Dabbobin da ke hawan Dukamaje irin su Goronyosaurus babu ko ɗaya a hawan Kalambaina, domin sun ƙare a duniya kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, kafin farar ƙasar ta taru. Masana suna kiran wannan ruwa mashigin tekun Sahara, wanda ya ratsa ta ƙasashen Mali da Nijar da Najeriya tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce. Farar ƙasar Everest kuwa ta kai kimanin shekara miliyan 450. Ta taru ne a ƙarƙashin teku, daga baya ƙasar Indiya ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, ta riƙa tura ta sama sannu a hankali.

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, yana kafa hujja da kwanson da ake samu idan ana haƙa rijiya, ya kuma danganta sauyin da wucewar dogon zamani. Leonardo da Vinci, wajen shekarar 1500, ya duba kwanson da ke duwatsun Italiya ya ga ɓari biyunsa a haɗe, manya da ƙanana a zaune wuri guda kamar yadda suke rayuwa, ya ce ruwa mai ƙarfi ba ya ɗauko abu haka ya ajiye ba tare da ya farfasa shi ba.

Yadda masanan farko suka sauya ra'ayi

Waɗanda suka kafa ilimin duwatsu a Turai ba masu gaba da addini ba ne, da yawansu limaman coci ne da suka fita neman shaidar Ɗufana da zuciya ɗaya. A 1823 William Buckland na Jami'ar Oxford ya wallafa littafi yana cewa tsakuwa da laka da manyan duwatsun da ke warwatse a arewacin Turai ragowar Ɗufana ne. Adam Sedgwick na Jami'ar Cambridge ya goyi bayansa. Amma da bincike ya yi zurfi, sai aka ga wannan tsakuwa ba lokaci ɗaya ta taru ba, kuma babu ƙasusuwan mutane ko kayan aikinsu a cikinta kamar yadda aka zata. A 1831 Sedgwick ya tsaya gaban ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ya janye ra'ayinsa a fili. Daga baya Louis Agassiz, ɗan ƙasar Siwizalan, ya nuna cewa malalar ƙanƙara ce ta ja waɗannan duwatsu a zamanin tsananin sanyi, kuma zuwa 1840 Buckland ya yarda da shi. Ra'ayin cewa Ɗufana ce ta shimfiɗa duwatsun duniya ya sake farfaɗowa a Amurka a 1961, da littafin John Whitcomb da Henry Morris, kuma daga wannan reshe ne yawancin hujjojin da ke yawo a intanet a yau suka fito.

Ina ruwan ya fito, ina ya tafi?

Dukan ruwan da ke bayan ƙasa, na teku da na koguna da na ƙanƙara da na ƙarƙashin ƙasa, ya kai kimanin kubik kilomita biliyan 1.4. Kafin a rufe Everest ana bukatar ƙarin kimanin biliyan 4.5, wato fiye da ninki uku na abin da ake da shi. Idan duk danshin da ke sararin sama ya zubo lokaci ɗaya, zurfinsa a faɗin duniya bai wuce santimita 2.5 ba. Idan duk ƙanƙarar duniya ta narke, teku zai ɗaga da kimanin mita 70, abin da zai cinye biranen gaɓa amma ko tsaunukan Jos ba zai kusanta ba. Domin ruwan sama ya kai tsayin Everest cikin kwana 40, sai an riƙa zuba mita 9 a kowace awa ba tsayawa, alhali abin da Kano take samu a damina guda bai cika kaiwa mita ɗaya ba.

Masu cewa ruwan ya game duniya suna da amsoshi biyu. Ta farko, a 2014 an sami wani ɗan ma'adini cikin lu'ulu'u daga Barazil wanda ya tabbatar da cewa akwai ruwa mai yawa a can cikin ƙasa, a zurfin kilomita 410 zuwa 660. Wannan gaskiya ne, sai dai ruwan a ɗaure yake cikin ƙwayoyin dutse mai tsananin zafi, ba tafki ba ne da zai ɓalle ya fito. Ta biyu, suna cewa duwatsu a lokacin gajeru ne, bayan ruwan ne suka tashi. Amma na'urorin zamani suna auna motsin ɓangarorin ƙasa kai tsaye, kuma 'yan santimita ne a shekara. Idan aka matse tafiyar miliyoyin shekaru cikin shekara guda, zafin da zai fita ya isa ya tafasa tekuna.

Shaidun da suke ƙidaya shekaru

Akwai abubuwan da ke ajiye tarihin kowace shekara ba tare da hannun mutum ba. A tsibirin Girinlan ƙanƙara ta taru har kaurin kilomita uku. Dusar ƙanƙarar da ke zuba da rani ta bambanta da ta hunturu, don haka kowace shekara tana barin nata layi. Masana sun huda ta da dogon bututu, suka zaro ta sanda-sanda, suka ƙidaya layuka har kimanin 60,000. Ana tabbatar da ƙidayar da alamun aman wutar duwatsu da tarihi ya sani, irin na Tambora a Indonesiya a 1815, wanda ake samun gurbinsa daidai inda ya kamata. A Antatika ƙanƙarar da aka zaro ta haura shekara 800,000. Ƙanƙara tana yawo ne a kan ruwa, da teku ya rufe waɗannan wurare da ta ɗaga ta wargaje, ko aƙalla a ga layin laka da gishiri. Babu ko ɗaya.

Itatuwa ma haka suke a ƙasashe masu sanyi, kowace shekara suna ƙara zobe ɗaya a cikin kututture. A duwatsun Kalifoniya akwai wata bishiya mai rai da ta haura shekara 4,800, wato ta tsiro tun kafin lokacin da Ussher ya ƙiyasta. A Jamus an jera zoben tsofaffin itatuwa, na baya yana haɗuwa da na gaba, har aka sami sarƙar da ta wuce shekara 12,000 ba yankewa. A ƙarƙashin Tafkin Suigetsu na Japan akwai siraran layukan laka, fari da baƙi a kowace shekara, sama da 50,000, kwance lafiya ba abin da ya dama su.

A tsakiyar jerin duwatsun da ake cewa Ɗufana ce ta shimfiɗa su akwai abubuwan da sai a busasshiyar ƙasa suke samuwa. A 1970 wani jirgin bincike ya huda ƙasan Bahar Rum ya tarar da alamun gishirin da ya taru sakamakon ƙafewar teku, wanda kaurinsa a wasu wurare ya wuce kilomita ɗaya. Kafin a sami mita ɗaya na gishiri sai ruwan teku mai zurfin sama da mita 60 ya ƙafe. Akwai daskararriyar laka mai tsagewar rana, akwai tsohon rairayin hamada ɗauke da sawun ƙananan dabbobi a kwarin Grand Canyon na Amurka, a hamadar Gobi kuma an sami wata dabbar zamanin da kwance a kan ƙwayayenta a sheƙa. Duk waɗannan suna da duwatsu a ƙarƙashinsu da kuma a samansu. Ambaliya tana haɗa komai ta cakuɗa, mai nauyi ya kwanta ƙasa, marar nauyi ya biyo baya. Burbushin halittu kuwa a jere yake bisa tsari ɗaya a kowace nahiya, ba a taɓa samun ƙashin saniya ko na mutum tare da na dabbobin zamanin da, irin waɗanda ake tonowa a Gadufawa ta ƙasar Nijar, ba.

Dabbobi, jinin mutane da tsofaffin birane

Da dukan dabbobin tudu sun bazu daga dutse guda 'yan dubban shekaru da suka wuce, da an ga sawun tafiyarsu. Amma kangaru a Ostireliya da tsibirin Sabuwar Gini kawai yake, kuma burbushinsa ma a can yake. Dabbobin nan dangin biri da ake kira lemur a Madagaska suke. Ƙwayoyin gado ma suna riƙe da tarihi. Rabbi, dabbar nan mai kama da damisa wadda ta fi kowace dabbar tudu gudu, ta taɓa raguwa ƙwarai sama da shekara 10,000 da suka wuce, kuma har yau alamar tana jikinta: ana iya dasa fatar wani rabbi a jikin wani ta kama kamar 'yan gida ɗaya. Da kowace dabba ta koma biyu tak a lokaci guda, da irin wannan alama ta bayyana a cikinsu duka, amma ba a same ta ba. Bambancin ƙwayoyin gado tsakanin mutane ma ya fi ƙarfin a ce daga mutum takwas ya fito cikin shekara 4,400. Mutanen Afirka ne suka fi kowa yawan wannan bambanci, kuma reshen zuriyar maza mafi daɗewa da aka sani an same shi ne a yammacin Kamaru.

Tarihin birane shi ma ya yi hannun riga da lissafin Ussher. An gina babbar dalar Giza wajen 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sarautar Masar ta ci gaba kafin 2348 da bayanta da harshe ɗaya da rubutu ɗaya. Biranen kwarin Indus sun rayu daga wajen 2600 zuwa 1900 kafin haihuwar Annabi Isa ba tare da an shafe su an sake sabon zubi ba.

Manyan ambaliyoyin da aka tabbatar

Ƙasa ba ta ɓoye babban ruwa, kuma a nan ne shaidu suka fi yawa. A 1929 Leonard Woolley yana haƙa a tsohon birnin Ur da ke kudancin Iraƙi. Ma'aikatansa suka ratsa hawa-hawan gidaje da kaburbura har suka isa wata laka tsantsa wadda babu ko katangar tukunya a cikinta, suka ɗauka sun kai ƙasar asali. Woolley ya sa aka ci gaba. Bayan kimanin mita uku na laka, sai ga tukwane da kayan aikin dutse na wasu mutanen da suka riga. Ya shelanta wa duniya cewa ya gano Ɗufana. An sami irin wannan laka a Kish, sannan a Shuruppak a 1931. Da aka gwama su sai aka ga ba lokacinsu ɗaya ba, ta Ur ta girmi ta Shuruppak da ɗaruruwan shekaru, kuma a Eridu da ke maƙwabtaka da Ur babu ita. Abin da suka tabbatar shi ne kogunan Dijla da Furat sun sha yin mummunar ambaliya. Ta Shuruppak, wajen shekara 2900 kafin haihuwar Annabi Isa, ta fi jan hankalin masana domin garin Ziusudra ne. Kudancin Iraƙi shimfiɗaɗɗen fili ne marar tudu, wanda ke cikin jirgi a irin wannan ruwa ba abin da zai hango gabas da yamma, kudu da arewa, sai ruwa.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce teku yana ƙasa da inda yake yanzu da mita 120, saboda ruwa mai yawa ya daskare a matsayin ƙanƙara. A lokacin Tekun Fasha kwari ne busasshe da koguna ke ratsawa. Da ƙanƙarar ta narke, teku ya shigo ya cinye shi tsakanin shekara 14,000 zuwa 6,000 da suka wuce. A 1997 William Ryan da Walter Pitman suka kawo ra'ayin cewa Bahar Aswad tafki ne a da, sai ruwan Bahar Rum ya ɓalle ta mashigin Bosforus kimanin shekara 7,600 da suka wuce ya cika shi cikin gaggawa. An yarda cewa tafkin ya koma teku, amma ana jayayya kan saurin abin, domin wani binciken 2009 a bakin Kogin Danube ya nuna tashin ruwan bai wuce mita 5 zuwa 10 ba. A yankin Chadi kuma, kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kuma tudun yashin da ya ratsa ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Jihar Yobe a 1987, mai tsawon mita 8.4 da shekaru kimanin 8,000, na wancan zamani ne mai yalwar ruwa.

Akan zargi masana da ƙin yarda da duk wani bala'in gaggawa. Labarin J Harlen Bretz yana nuna yadda abin yake. A 1923 ya ce wani gagarumin ruwa ne ya sassaƙe ƙasar gabashin jihar Washington ta Amurka. Abokan aikinsa suka yi shekaru suna ƙaryata shi. Amma shaidu suka yi ta taruwa: busassun magangarai, manyan duwatsun da aka jefar nesa da asalinsu, tudun tsakuwa mai siffar igiyar ruwa wanda tsayinsa ya kusa mita 10. Aka gano cewa wata katangar ƙanƙara ce ta riƙa fashewa tana sako ruwan wani babban tafki. A 1979 aka ba shi babbar lambar yabo ta masana duwatsu na Amurka. Ruwan da ya shafi yanki guda ya bar irin wannan tabo, wanda ya shafi duniya duka da tabonsa ya fi haka bayyana a ko'ina.

Neman jirgin

Dutsen Ararat da ke gabashin Turkiyya, mai tsayin mita 5,137, shi ne masu neman jirgin suka fi hawa. Katakon da Bafaranshe Fernand Navarra ya sauko da shi a 1955, da aka gwada shekarunsa, bai kai 2,000 ba. Wani tudu mai siffar jirgi da wani hafsan sojan Turkiyya, Durupinar, ya hango a hoton sama a 1959, an tona shi a 1960 ba a sami komai ba sai ƙasa da duwatsu, kuma masana sun bayyana shi a matsayin halittar zaizayar ƙasa. Sanarwar da wata ƙungiya daga Hong Kong ta yi a 2010 cewa ta gano jirgin ba ta sami tabbacin masu bincike masu zaman kansu ba. Dutsen Judi kuwa yana kudu maso gabashin Turkiyya, kusa da garin Jazira a bakin Dijla, tsayinsa kimanin mita 2,100, yana fuskantar filayen Iraƙi. Tsofaffin Kiristocin Siriya ma nan suka ɗauka a matsayin masaukin jirgin tun kafin zuwan Musulunci. Har yanzu babu wani katako daga ko'ina da aka tabbatar na jirgin Annabi Nuhu ne.

Matsayin malamai da iyakar kimiyya

Mafi yawan malaman tafsiri na da, irin su Ibn Kasir, sun tafi a kan cewa ruwan ya game duniya. Duk da haka tambayar tsohuwa ce, domin al-Biruni da Ibn Khaldun sun ambaci cewa Farisawa da Indiyawa ba su san Ɗufana a tarihinsu ba, wasunsu kuma suna cewa a wani yanki kawai aka yi ta. Muftin Masar Muhammad Abduh ya ba da fatawa cewa babu yankakken nassi a Alƙur'ani da ya ce ruwan ya rufe dukan ƙasa. Almajirinsa Rashid Rida ya bayyana cewa halakar dukan mutanen Annabi Nuhu ba ta wajabta nutsewar dukan nahiyoyi ba, Abul A'ala Maududi kuma ya karkata ga yankin Dijla da Furat. Likitan nan Bafaranshe Maurice Bucaille, a littafinsa na 1976, ya jaddada cewa Alƙur'ani ya danganta azabar ga mutanen Annabi Nuhu, bai kuma sanya mata kwanan wata ba. Da yawa daga cikin alƙaluman da ke yawo a littattafan ƙissoshi an ɗauko su ne daga Isra'iliyat, wato labaran da aka karɓo daga Yahudawa da Kirista. A ɓangaren Kirista ma akwai malamai masu yawa da suke fahimtar ruwan a matsayin na yanki.

Kimiyya tana auna abin da ya bar sawu bisa ɗabi'ar da aka sani. Ba ta da ma'aunin mu'ujiza, ba ta kuma da ta cewa kan dalilin da ya sa aka halaka wasu aka tserar da wasu. Wanda ya yi imani cewa Allah Ya kawo ruwan ta hanyar da ta saɓa wa al'ada, maganarsa ta imani ce, kuma ba ta bukatar tallafin kwanson Everest ko hoton wani tudu a Turkiyya. Amma da zarar an ce duwatsu sun tabbatar, to an shiga fagen da ake gwadawa, kuma sakamakon gwajin a bayyane yake. Duwatsu da ƙanƙara da itatuwa da ƙwayoyin gado ba su nuna ruwa guda da ya rufe dukan duniya a zamanin ɗan Adam ba. Sun nuna manyan ambaliyoyi da suka cinye ƙasashe da garuruwa, musamman a yankin da ƙissar ta fi kafuwa. Abin da ya kamaci mai karatu shi ne ya rarrabe tsakanin nassi da fassarar malamai da ƙarin masu ba da labari, kuma kada ya yaɗa wata shaida da sunan kare addini sai ya tabbatar da ingancinta.